Mazan Nima Ba Sa Cewa Kewa

Duk wanda ya saba bi ta mahaɗar Kawukudi da safe ya san Mutawakilu Iddrisu, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, jakar kwamfuta a kafaɗa, hannunsa riƙe da na 'yarsa Fauziya har sai ya tsallakar da ita titi ta shiga makaranta. Daga nan sai ya hau wani tsohon bene da ke saman shagon magani, inda wata malamar jami'a mai suna Dakta Adisa ta kama ɗaki ta mai da shi ofis. A Nima "Mutawa mai kwamfuta" ake ce masa, kuma yawancin masu kiransa haka sun ɗauka gyara yake yi. Ba ya musa musu, don aikin nasa yana da wuyar bayani. Maganar mutane yake karantawa yana sa mata suna.

A Kotobabi aka haife shi, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya. Mahaifinsa tela ne daga Yendi, mahaifiyarsa 'yar Salaga ce mai sayar da koko da ƙosai a bakin masallaci. Ya tashi yana jin Dagbanci a bakin uba, Hausar Zongo a tsakar gida, Twi a kasuwa, Turanci a makaranta, kuma duk ya kwashe su ba tare da ya san wata baiwa ba ce. Da ya gama sakandare hali bai kai a ci gaba ba, sai ya faɗa kasuwar Circle yana tallar rigunan waya da caja a cikin hayaniyar masu trotro, ƙananan motocin haya. Rana ta gasa shi na 'yan shekaru, sannan wani mai shagon intanet a Nima ya ɗauke shi aikin buga takardu. A nan yatsunsa suka koyi gudu.

A nan kuma Samiratu ta same shi. Ta gama koyon ɗinki, ta zo a buga mata katin gayyatar bikin yaye ta. Ta tsaya a bayansa tana ta gyara masa, wannan launin ya yi duhu, wancan furen ya yi ƙauyanci, sunanta ma bai zauna a tsakiya ba. Da ya gaji ya juyo ya ce, "To ke zo ki zauna ki yi." Ta ce, "In na iya me zai kawo ni wurinka?" Ya yi dariya, ta yi. Ya je bikin ba tare da an gayyace shi ba, tunda shi ya buga katin ya san rana da wuri.

Suka yi aure, suka kama ɗaki a Maamobi kusa da babban gwata, magudanar ruwan unguwar. Ta buɗe shagon ɗinki a cikin wata kwantena, mata suka yi ta kawo mata aiki, don hannunta yana da kyau a ɗinkin bubu. Aka haifi Fauziya. Sai wata damina, ana dab da Sallah, ruwa ya cika gwatan ya yi ambaliya, ya shiga kwantenar har kusan rabi. Kekunan suka lalace, atamfofin mutane suka zama taɓo. Samiratu ta yi ta bin gida-gida tana ba da haƙuri, kuma tun daga lokacin ta daina son fita da rana. Da wata ƙawarta ta haɗa ta da mai kai mata aikatau ƙasashen Larabawa, ba ta daɗe tana shawara ba.

"Baban Fauziya, shekara biyu ne kawai," in ji ta. "In dawo in sayi keke, in ɗaga kaina a unguwar nan."

Bai so ba, amma bai ce kada ta je ba. Ya raka ta filin jirgi, Fauziya a kafaɗarsa, lokacin yarinyar ta fara haɗa kalmomi. Samiratu ta tafi Kuwait. Shekara biyun ta cika, madam, uwar gidan da take wa aiki, ta roƙe ta, aka sabunta, wani wa'adin ma ya kama hanya.

A cikin wannan zaman ne Dakta Adisa ta neme shi. Ita ma 'yar Zongo ce, amma ta daɗe a waje, kuma tana bincike a kan gidajen da matansu suka tafi aikatau suka bar maza da yara. Tana neman wanda maza za su yarda su zauna da shi, wanda kuma zai iya rubuta hirar yadda aka yi ta, da Hausarta da Twi ɗinta da duk abin da aka cakuɗa. An gaya mata labarinsa kafin ya zo.

"Malam Mutawa," ta ce, "na san matarka tana can. Shi ya sa nake son ka, shi ya sa kuma nake tsoro. Za ka iya?"

"Aiki ne, Dakta. Zan iya."

Ya ɗauki 'yar na'urar naɗar murya ya shiga lunguna. Ya zauna da mahauta a bayan kasuwa, da direbobi a tasha, da masu walda, da wani ladani. Ya dawo ya sa abin ji a kunne ya rubuta komai, har tari da dariya da inda mutum ya yi shiru. Da hirarrakin suka taru, sai ta zaunar da shi gefenta ta buɗe manhajar da masu irin wannan bincike suke amfani da ita.

Abin bai yi masa wuya ba. Rubutun hirar yana tsakiyar allo. Sai ka shafa wa jimla ɗaya ko biyu launi, ka ba wurin ɗan gajeren suna da ya dace da abin da mutumin yake faɗa. Ita tana ce wa wannan suna kod, shi ya kira shi laƙabi, kuma laƙabi ya bi bakinsu duka. In laƙuba suka yi yawa, sai a duba waɗanda suke 'yan uwan juna a tara su a ƙarƙashin rukuni ɗaya. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, in ka danna laƙabi guda, manhajar za ta kwaso maka duk wuraren da ka sa shi daga hirar kowa, ta jera su a shafi ɗaya. Mutanen da ba su taɓa zama tare ba sai ka gan su sahu-sahu suna faɗin abu ɗaya.

Dakta ta fara ba shi wasu laƙuba da ta tanada tun kafin a shiga unguwa: renon yara, girki, maganar mutane, kewa. Ta ce ya ƙara nasa duk inda waɗannan suka gaza. Ya ƙara kuwa, har jerin ya yi tsawon da sai an yi ta ja kafin a kai ƙarshe. Ya fi son ɗauko laƙabin daga bakin mai magana. Akwai "ban iya kitso ba", akwai "wayar Juma'a", akwai "sun ce mace ke ciyar da ni". Renon yara ya cika, girki ya cika. Amma da Dakta ta danna kewa wata safiya, sai shafin ya fito kusan fari.

Ta cire tabarau ta dube shi. "Wato duk mazan nan ba wanda ya yi kewar matarsa?"

"Ba wanda ya faɗa."

"Ka tambaya?"

"Na tambaya. Sai su ce alhamdulillahi, su shiga zancen kuɗin makaranta."

Ya buɗe mata hirar Abdulƙarim mahauci, wanda matarsa take Saudiyya. An tambaye shi yadda zaman yake, ya ce lafiya lau. Can gaba, ba wanda ya tambaye shi, ya ce, "Ka san ni kullum nama a hannuna. Amma yanzu in na kai gida, wa zai dafa? Sai in ba maƙwabta." Bayan wannan Mutawakilu ya rubuta cewa mutumin ya yi shiru mai tsawo, yana goge wuƙar da ta riga ta fita tas.

"Girki na sa wa wannan," in ji Mutawakilu, "amma raina bai kwanta ba."

Dakta ta karanta wurin ta sake karantawa. "Haka ne. To mu yarda kewa za ta iya shiga inda ba a ambace ta ba. Amma duk inda ka sa, ka rubuta dalili a gefe."

Kamar an buɗe masa ƙofa. Ya koma farkon hirarrakin yana bi layi-layi, ya zaɓa wa kewa launin shuɗi. Wanda ya ce ya bar kwana a gado ya koma tabarma, shuɗi. Wanda ya ce ba ya son a taɓa bokitin wankanta, shuɗi. Wanda ya ce ya daina zuwa biki, shuɗi. Wani lokaci bayan la'asar, in Dakta ta tafi aji, sai ya danna laƙabin ya zauna yana karanta jerin. Masu trotro suna ta kiran Nima, Nima a ƙasa, shi kuwa yana nan a cikin maza irinsa, ba mai kallon wani. Yakan ji sanyi a ransa, yakan kuma ji abin yana masa ciwo, kuma bai daina dannawa ba.

Ranar da Dakta ta zauna duba aikin, ta yi ta jan shafukan ƙasa tana karantawa. Gefen allon duk ya zama shuɗi. Ta tsaya a hirar wani direba.

"Karanta min wannan."

Ya karanta: "Tun da ta tafi gidan ya yi shiru."

"Me ka rubuta bayansa?"

"Ya yi dariya."

"Wace irin dariya? Sa mu ji."

Ya nemo wurin a muryar da aka naɗa. Direban ya faɗi maganar, sannan ya ƙyalƙyale da dariya irin ta wanda aka sauke wa kaya, ya ƙara da cewa, "Cale, abokina, kunnena ya huta." Mutawakilu ya rubuta wannan jimlar da hannunsa, amma da ya zo shafa launi sai ya tsaya kafin ya kai gare ta.

"Wannan mutumin hutawa ya yi," in ji Dakta a hankali. Ta gangara wani wuri. "Wannan kuma fushi yake, yana ganin an raina shi. Wannan tsoro yake ji kada ta dawo ta fi ƙarfinsa. Malam Mutawa, kewar da ke nan da yawa ba tasu ba ce."

Ya sunkuyar da kai. Bai ji haushinta ba, kunya ya ji, kamar wanda aka shigo ɗakinsa bai shirya ba.

"Ba laifi ba ne," ta ce. "Kowa da abin da yake zuwa da shi. Shi ya sa ake aikin mutum biyu. Ka koma ka saurare su, ka bar kowa da abin da ya ce."

Ya yi makonni yana wannan. Ya cire shuɗi a wurare da yawa, wasu da sauƙi, wasu kamar ana ɓamɓare masa ƙaya. Ya buɗe laƙabin hutu, da na fushi, da na zargi. Ya tarar mutum ɗaya yakan ɗauki biyu ko uku a jimla guda, ya ce ta yi tafiyarta ya huta, sannan ya ce har yanzu shi ke ba shukar da ta bari ruwa. Irin waɗannan sai ya ɗora musu laƙabi a kan laƙabi. Abin da ya rage a shuɗi bai kai rabin na da ba, amma ko wane wuri yana iya tsayawa ya kare shi.

Sannan suka zo tara rukunai. Suka yi ta ja suna ajiyewa, su haɗa yau su raba gobe. "Ban iya kitso ba" ya shiga rukunin aikin da aka bar wa maza. "Sun ce mace ke ciyar da ni" ya shiga na idon unguwa. Sun fi daɗewa a kan wasu laƙuba da suka ƙi zama ko'ina: "ta ce bayan azumi", "madam ta roƙe ta", "saura kaɗan". Dakta ta so ta sa su a rukunin waya, tunda a waya ake faɗar su. Shi ya ce a'a, ba wayar ce ta haɗa su ba. Suka bar su a gefe har kwana da kwanaki, sannan wata rana yana hawa bene sunan ya zo masa. Ya shiga ko sallama bai gama ba ya ce, "Ranar dawowa mai matsawa." Ta maimaita a bakinta, ta ce, "Rubuta."

Juma'a ce ranar Samiratu. Mutanen gidan da take aiki sukan fita ziyara, sai ta samu sarari ta kira. Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsu, Fauziya ta karɓi wayar ta ba da labarin makaranta a gurguje, ta miƙa masa ta ruga wurin ƙawayenta. Ya ji kansa yana fara abin da ya saba. An gyara famfo. Mai gida ya yi fenti. Gwatan ya sake toshewa. Yana magana yana jin yadda zai shafa wa kowace jimla launi da a bakin wani ta fito. Sai ya tsaya.

"Baban Fauziya? Layin ya yanke?"

"Bai yanke ba."

"To me ya faru? Ba ka da lafiya?"

"Samira," ya ce, kuma ya daɗe bai kira ta da wannan sunan ba, "ina kewarki."

Ta yi dariya, irin wadda ake yi in an ji kunya. "Kai, yau kuma? Wa ya koya maka?" Dariyar ta tsaya. Ya ji tana jan hanci, ya ji ta rufe wata ƙofa a can. Da ta dawo muryarta ta sauya.

"Na ɗauka kun saba. Kullum ka ce komai lafiya, komai lafiya. Na ce to, sun iya zama ba ni."

"Ba mu iya ba. Muna dai yi."

"Ni ma ina yi ne." Ta rage murya. "Ka san abin da nake tsoro? In dawo Fauziya ta riƙa kallona kamar baƙuwa. Kuma in zauna a ɗaki ina jira a ba ni. Na saba da aikina, Mutawa, ko da wahala."

Bai taɓa jin wannan daga bakinta ba. Ya ce, "Ki zo ki gan mu, ko hutu ne. Sauran sai mu yi magana ido da ido."

Ta zo da babbar Sallah, hutun wata guda. Ta rame kaɗan, ta yi haske, tana sa Larabci a magana ba ta sani ba. Abin da ta ji tsoro ya faru a kwanakin farko: Fauziya ta gaishe ta da ladabi, ta karɓi tsaraba, ta koma ta laɓe a bayan ubanta. Samiratu ba ta matsa mata ba. Ta ari keken wata maƙwabciya ta zauna a tsakar gida tana ɗinka wa yarinyar rigar Sallah, ta kira ta gwaji, ta sake kira, har ranar da Fauziya ta zo da kanta ta zauna a gefen keken tana riƙe mata bakin yadin. Shi da ita ma sai da suka yi kwanaki suna ba juna hanya a ɗaki kamar baƙi a masauki. Ranar da ta ɗaga murya ta yi masa faɗa a kan yadda ya bar tukwanenta suka yi baƙi, ya tsaya yana murmushi har ta ce ko ya haukace ne.

Sun yi maganar. Ta ce wa'adin da ta sa hannu bai ƙare ba, kuma ba za ta gudu ta bar suna mara kyau ga waɗanda suka tsaya mata ba. In ya ƙare za ta dawo, ta kama shago a tudu, nesa da gwata. Ya tambaye ta ko in madam ta sake roƙo fa. Ta ce, "Ka bar ni da madam." Ya so ya yarda gaba ɗaya. Ya yarda da yawa, saura kaɗan ya ƙi tafiya, kuma bai ɓoye mata ba.

Ta koma. Binciken ya ƙare, Dakta Adisa ta rubuta littafinta ta sa sunansa a ciki, sannan ta samo wani aikin, wannan karon a kan matan da suka je suka dawo. Mace ce take yin hirarrakin, shi yana rubutawa yana sa laƙabi. Yakan ce wannan ya fi na farko wuya. Matan suna faɗin abubuwan da ba su gaya wa mazajensu ba, ɗakin da suke kwana, da yadda suke cin abinci a tsaye, da yadda suke kallon hoton yara har batir ya mutu. In ya kai irin wannan wurin yakan cire abin ji daga kunne ya fita baranda ya ɗan tsaya, sannan ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Samiratu tana can har yanzu, wa'adin ya kusa. Wani mai gida a Kotobabi ya ce shagon ƙasan gidansa zai fita haya nan gaba kaɗan, Mutawakilu ya je ya duba, ya auna faɗinsa da ƙafa, ya ɗauki hoto ya aika mata. Ta amsa da murya, ana jin ƙarar injin wanki a bayanta. Ta ce tagar ta yi ƙanƙanta, ya tambayi mai gidan ko zai yarda a faɗaɗa ta, don ita ba ta ɗinki a duhu.